Kaset ɗin Audu Mai Rago

Uwais bai shiga kasuwar Batha ta birnin Riyad neman tsohon abu ba. Cajar waya ce ta kai shi. Juma'a ce bayan la'asar, ranar da maigidansa na unguwar Shifa kan ce ya ajiye mota ya huta, ga Babbar Sallah ta ƙarato. Kasuwa ta cika maƙil. 'Yan Bangaladash, Habashawa, 'yan Filifin, kowa da ledarsa, kowa yana magana da wani na nesa a waya.

Ya sayi cajarsa. Da zai koma tashar bas sai ya ce bari ya leƙa Baba Jibrin.

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Riyad ya san shagon nan. Baba Jibrin mutumin Damagaram ne, ya zo ƙasar tun ba a haifi Uwais ba, yana sayar wa masu komawa gida tsaraba: darduma, carbi, turare, dabino. Yau kantocin fayau. Kaya duk a ƙasa, cikin kwalaye.

"Baba, ɓarayi ne suka shigo?"

"Tsufa ne ya shigo," in ji tsohon. "Kafilina, Balaraben da ya tsaya min a takardun zama, ya rasu, 'ya'yansa ba su san ni ba. An buga min huruj, fita ba dawowa. Bayan Sallah sai gida. Zo, ɗana, jawo min kwalin can na ƙarƙashi, bayana ya daina sunkuyo."

Uwais ya jawo. Gindin kwalin ya yage, kaya suka zube a ƙafarsa.

Ya tsaya.

Gilashin Sallah ne, irin na roba, wanda in ka sa duniya duk ta koma ruwan lemo. Agogon roba mai hannuwa a zane, safe da yamma lokaci ɗaya yake nunawa. Usur. Bindigar ruwa. Raƙumi mai batir, wanda in an kunna shi ya ɗan taka sai ya kife a gefe ya ci gaba da waƙarsa. Sai kyamarar Makka, 'yar ja, wadda alhazai ke kawo wa yara. Uwais ya ɗauki ɗaya, ya kanne ido, ya ɗaga ta wajen fitila. Ka'aba. Ya danna. Dutsen Arfa. Ya danna. Koriyar ƙubbar Madina, hoton ya koɗe ya yi ruwan ƙasa. Yana yaro har dambe ya yi a kan irin wannan, a layin masu jiran leƙe ɗaya-ɗaya a ƙofar gidan wani alhaji. Yanzu ga shi a ƙasar kanta, shekara shida, abin da ya fi gani kuwa bayan motar da ke gabansa ne.

"Ɗauki, ka kai wa 'ya'yanka."

"Ba ni da su tukuna."

"Gara ma. Yaran yanzu in ka miƙa musu wannan, tambayarka za su yi ina ake sa masa caji."

A ƙasan tarkacen akwai kaset-kaset, an ɗaure su da roba, robar ta narke ta manne.

"Da waɗannan na fara kasuwa," in ji Baba Jibrin. "Lokacin mutanenmu na haƙa ramukan garin nan. Sallah ta zo, ba rago, ba dangi, waya kuwa sai ka bi layi. Sai a taru ɗaki guda a kunna kaset. Alhazai ke kawo min, ni kuma in buga in sayar ta ƙarƙashin tebur."

Uwais yana juya su da yatsa, ba da wata niyya ba. Sai ya ga ragon. An zana shi da biro a jikin takardar kaset, da hula a kansa, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A ƙasa an rubuta: Shari'ar Rago da Mahauci. Audu Mai Rago, Malumfashi.

Ya sake karanta sunan.

Audu Mai Rago mahaifinsa ne.

Yau in ka je Malumfashi ka tambayi wannan suna, sai dai tsofaffi su dube ka su kau da kai. Malam Abdulwahid Ladan ake cewa. Shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu, ko ruwa ake ko sanyi, ba ya fashi. Amma a da, yana matashin magidanci mai gyaran keke a bakin tasha, Allah ya hore masa baki. Yakan yi kukan rago har tunkiya ta waiwayo. Wani mai shagon kaset ya ja shi ɗaki suka ɗauki wasan nan, ya fito gab da wata Babbar Sallah. Daga nan shekara da shekaru ba a wanke ragon layya a yankin ba sai da shi yana tashi a rediyo. Har motocin haya.

Wani attajiri da wasan ke ba dariya ya biya masa kujerar Hajji. Ya tafi Audu, ya dawo wani mutum. Wani malami ya ce masa a Mina wasa da layya wasa ne da ibada, maganar kuma ta zauna masa a ƙirji. Ya bi kasuwa shago-shago, ya bi gidaje, yana karɓar kaset ɗin yana ba da na karatu a madadinsa. Ya tara su a bayan gida ya zuba kananzir. Uwais na tuna warin, da baƙin hayaƙi, da mahaifiyarsu a tsaye bakin ƙofa. Ranar ya tara iyalinsa ya ce, "Wannan suna ya mutu. Duk wanda ya tashe shi a cikinku, a gida ko a waje, ban yafe ba."

Sunan bai mutu da wuri ba. Shekaru ya yi yana wucewa samari na yi masa kukan rago a baya, bai taɓa waiwayowa ba. A hankali masu yi suka girma suka ji kunya, na bayansu kuma ba su san zancen ba. Da haƙuri ya sami sunan Ladan, kuma ba shi da abin da ya fi shi. Abin da ya bi hayaƙin nan, wanda ba wanda ya lura da shi sai 'yan gida, dariyarsa ce. Uwais bai ƙara jin ta ba.

"Kai, mutumin nan!" Baba Jibrin ya karɓi kaset ɗin yana jinjina kai. "Ya ba mu dariya a ƙasar da dariya ke wuya. Ko yana raye?"

"Yana raye."

"Kun san juna ne?"

"Garinmu ɗaya."

Ba ƙarya ya yi ba.

Tsohon ya zaro wata rediyo daga bayan tebur, ya hure ƙura, ya zura biro ya ɗame zaren kaset ɗin. Uwais ya san abin da ya kamata. Ya ce a bari. Ko ya karɓa ya jefa a sharar bakin titi, ya ƙarasa wa mahaifinsa aikin da ya fara. Maimakon haka sai ya ciro waya, ya danna ɗaukar murya, ya kara ta a jikin rediyon.

Zare ya yi shuuu. Muryar mai shagon da ya ɗauki wasan ta yi shela: "Jama'a, ga naku, Audu Mai Rago na Malumfashi, bakin tasha!" Sai rago ya yi gyaran murya.

Rago ne ya kai ƙarar mahauci gaban alƙali, alƙalin kuma tsohon bunsuru. Duk baki ɗaya ke yin su.

"Allah ya gafarta malam," in ji rago, "shekara guda ina cin leda a bola, ba wanda ya ce min sannu. Yau ga sabulu, ga dusa da kanwa, har maigida na shafa min wuya yana ce min Alhaji. Ni wannan ƙauna ban yarda da ita ba."

Mahauci ya rantse wuƙar nan da yake wasawa farce zai yanke. Aka kira kaza shaida, ta ce a bar ta da abin da ya dame ta, ita kaɗai ta rage a danginsu tun Ƙaramar Sallah. Alƙali ya ce a yi a gama, shi ma ya ga wani yana duba masa haƙori jiya a kasuwa.

Baba Jibrin na dariya yana share ido da hannun riga. Wani ɗan Sudan mai shagon kusa ya leƙo, ya ga tsoho da rediyo, ya koma.

Uwais bai yi dariya ba. Jira yake. Ya san inda za a je.

Can ƙarshe, an yanke hukunci za a tafi da rago, sai wata 'yar siririyar murya ta shigo. Ɗan rago. Uwais ne, yana ɗan shekara biyar, a kan cinyar mahaifinsa a ɗakin mai shago, an yi masa alkawarin gilashin Sallah in ya faɗi daidai. An koya masa ya ce, Baba kada ka tafi. Da aka matso masa da abin magana sai ya ce:

"Baba, in ka tafi ni zan cinye dusar?"

Sai rago ya ɓace, mutum ya fito. Dariya ce ta ƙwace masa, irin ta cikin ciki, har da tari, har da "Wayyo Allah, yaron nan!" Mai shago bai yanke ba. Da ita kaset ɗin ya ƙare.

Uwais ya mayar da waya aljihu. Ya yi wa tsohon fatan sauka lafiya. Kaset ɗin ya bar shi a kwali tare da na shara. A ransa ya ce ai bai ɗauko komai ba.

A unguwar Manfuha yake kwana, hawa na biyu, su huɗu a ɗaki biyu. Abokin ɗakinsa Shakir ne, Bahaɗeje mai gyaran iyakwandishan, mutum mai baki kamar rediyo, wanda ya ɗauki tsokanar Bakatsine tamkar farilla.

Ranar Arfa suna azumi, da la'asar kowa ya miƙe a katifarsa. Uwais ya toshe kunne da igiyar waya ya juya ya fuskanci bango. Tun Juma'a ya ji abin ya fi a ƙirga. Ya ma daina farawa daga farko, sai ya ja zuwa ƙarshe.

"Kai, Bakatsine, da wa kake murmushi a bango? Aure za a yi ba mu sani ba?"

Kafin ya juyo Shakir ya fizge wayar. Igiyar kunne ta cire, rago ya cika ɗaki.

Shakir ya saki baki. Ya zauna.

"Tsaya, tsaya. Wallahi na san wannan! La ilaha illallahu. Kawuna direba yana da shi a mota. In za mu ƙauye yawon Sallah shi ake sa mana, an cusa mu a baya kamar buhunan gero, kowa da gilashinsa, ba mai ganin gabansa."

Ya mayar farko. Ya yi dariya har ya riƙe ciki yana cewa azuminsa zai karye. Da aka zo kan kaza sai da ya kwanta a ƙasa. Da ya lafa kuma sai ya tsura wa silin ido.

"Ka san agogon nan na roba? Kwana nake da shi har ya yi min shaida a hannu. Innata ta riƙa tambayata ƙarfe nawa, ni kuma in duba in faɗa mata. Ta san ba ya yi fa. Amma sai ta ce, to bari in ɗora tuwo." Ya ja numfashi. "Allah ya jiƙanta. Tura min."

"Bari kawai."

"Bari me? Tura min, mutumina."

"Ba na turawa ba ne."

"Ji Katsinawa! Har dariya sai kun sa mata kwaɗo. Gadonku ne? Ko don an ce Malumfashi?"

A nan ya kamata ya faɗa. Ubana ne, shi ke nan. Amma abin da aka hana shi faɗa ke nan tun yana yaro, harshensa kuma ya saba. Ko sunan mahaifinsa na yanka ba ya iya kamawa a gaban mutane, balle wannan. Ga shi kuma mutumin da kuke cin abinci kwano ɗaya a ƙasar wasu, wanda ya yi jinyarka lokacin da zazzaɓi ya kayar da kai, ba ka hana shi abin da ba ya raguwa in an raba.

"Kada ya wuce wayarka."

"Wa zan ba? Daga ni sai kunnena."

Ya tura.

A Riyad rana na ɗagowa ake sallar Idi. Kafin mutanen can gida su gama barci, nan an sauko an watse. Uwais ya yi sallarsa a Shifa, ya ɗauki maigida da iyalinsa aka fara zagayen gaisuwa. Aikinsa ke nan ranar Sallah: ya sauke, ya jira, ya ɗauka. A ƙofar gidan surukan maigidan ya sami inuwa ya zauna cikin mota. Yaran Larabawa sun fito da fararen riguna suna fasa nakiyar wasa a kan kwalta.

Wayarsa ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Zauren WhatsApp ne na Hausawan Riyad. Ya zaci barka da Sallah ce. Ita ce, amma a sama ga saƙon Shakir, da muryar a maƙale: Barkanmu da Sallah. Wa ya tuna wannan? In ba ka tuna ba, kai yaro ne.

Ƙarƙashi kuwa kamar an buɗe famfo. Wani ya ce ya tuna babansa. Wani ya ce ya tuna shaddar Sallah mai sitaci da ke yankan wuya. Wani ya ce shi kuka ma yake. Wani ɗalibi ya ce a ji tsoron Allah, wasa da layya bai dace ba, aka yi masa caa. Sai Basiru, ɗan garinsu Uwais mai tuƙa tankar ruwa, ya rubuta: Kai jama'a, wannan ai muryar Ladan ce na bayan tasha! Ashe shi ne? Na tura gida su sha dariya.

Uwais ya kira Shakir.

"Bakatsine! Barka da Sallah! Ka ga yadda jama'a suka..."

"Na ce kada ya wuce wayarka."

"Haba, Sallah ce fa. Mutane na cikin kewa, na ce bari..."

"Ubana ne."

Ana jin hayaniyar 'yan ɗaki a bayansa.

"Wa?"

"Mai ragon. Ubana ne. Ɗan ragon ni ne."

"Inna lillahi. Uwais. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Uwais ya cire wayar daga kunne. Ya kashe.

Ya kira Basiru ya roƙe shi. Basiru ya ce wallahi da ya sani, amma abin ya riga ya shiga zauren 'yan ajinsu da na 'yan ƙwallon unguwa. Magana zarar bunu ce. A gida kuwa yanzu ake wanka ana ciro sababbin kaya, za a tafi Idi.

Al'adarsa duk Sallah, in ya daidaici an sauko a gida, sai ya kira mahaifinsa. Gaisuwar ba ta da tsawo. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana, ka riƙe salla. Ya kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Maigida ya fito, aka wuce gida na gaba. Ya sake kira a can. Aka aiko masa da shinkafa da nama a faranti, ya ajiye a kujerar gefe. Ya sake kira. Ba a ɗauka ba.

Sai bayan magariba yayarsa Rabi'atu ta kira shi. Ba ta yi masa barka ba.

"Uwaisu, an ce daga Saudiyya abin nan ya fito."

"Yaya Rabi, me ya faru?"

"Tun a hanyar Idi. Samarin shagon caji sun sa shi a babbar lasifika. Mu muna baya, na ji murya, nan take na gane ta. Shi yana gaba da dardumarsa a kafaɗa. Bai tsaya ba. Da aka sauko yara suka biyo shi. Ƙanana fa, 'ya'yan waɗanda suka yi masa a da. Mee, mee, har ƙofar gida."

"Ba wanda ya kore su?"

"An kora. Manyan ma dariya suke, ba da mugunta ba. Liman da kansa cewa ya yi Allah sarki, zamani. Wani ya riƙe masa hannu yana cewa, Malam, ashe kai ne, ka ɗan yi mana mana ko kaɗan. Ka san shi. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi."

"Ya yi yanka?"

"Ya yi. An kayar da ragon ya yi kuka, yara a kan katanga suka fashe da dariya. Amma ya ƙarasa." Ta ja hanci. "Da azahar ya je ya ɗauki lasifika. Yana cewa Allahu akbar wani yaro ya amsa masa daga waje da kukan rago. Ya ƙarasa kiran, bai rage ko harafi ba. Ya yi salla ya dawo ya shige ɗaki. La'asar ɗan Liman ne ya kira."

Uwais ya kifa goshi a sitiyari.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Kai da ka ga wutar nan da idonka."

Ta kashe.

Da ya koma Manfuha ya tarar Shakir ya rufe masa nama a kwano. Ba tsokana. Ya riga ya rubuta a zaure cewa don Allah duk wanda ke da muryar nan ya goge, mai ita dattijo ne, ba ya so. Waɗanda ba su saurara ba a da, wannan saƙo ya sa suka koma suka saurara. Shakir ya yi ta ba da haƙuri. Uwais ya ce ba komai. Suka zauna ɗaki ɗaya kowa na kallon bangonsa.

Kwanakin Sallah suka wuce. Yana kira, ba a ɗauka.

Wata rana gab da azahar, yana wanke mota a ƙofar gidan maigida, waya ta yi ƙara. Ya duba. Mahaifinsa ne. Shi da ba ya kira, sai dai a kira shi.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Baba, ina kwana. An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya. Rabi ta ce kai ne."

"Ni ne, Baba."

Bai kawo sunan Shakir ba.

"A ina ka samo?"

"Wajen wani tsoho a kasuwa. Zubarwa zai yi."

"Da ka bar shi ya zubar."

Uwais ya jingina da mota.

"Me ka rasa, Uwaisu? Ci ka rasa ko sha, da za ka je tonon abin da na binne?"

Ruwa na zuba daga tiyo yana bin ƙafarsa. Ya so ya ce tsautsayi ne. Sai ya ji bakinsa ya ce:

"Dariyarka nake son ji."

Ya duba ko wayar ta katse. Ana jin kaji, da wata tana daka can nesa.

"Kai kana can," in ji tsohon a hankali. "Kewa ta taso maka, ka kunna, ka kashe, ka sa a aljihu. Ni a nan nake kwana nake tashi, da mutanen nan."

"Ka yafe min, Baba."

"Na yafe. Tun ranar na yafe, don kada bakina ya bi ka a ƙasar mutane. Ba yafiyar ce mai wuya ba."

"Ka koma masallaci?"

"Ina zuwa salla. Sahun baya. Lasifika na miƙa wa ɗan Liman. Ba za a riƙa ambaton Allah ana dariya saboda ni ba."

"Za su manta, Baba. Abin waya ne, kwana biyu wani ya fito."

"Za su manta. Wancan karon ma sun manta. Amma lokacin ina da shekarun jira."

Uwais ya kashe famfo. A masallacin kan kwana aka buɗe lasifika, ladani ya fara kiran azahar. A gida hantsi ne tukuna.

"Kira ake a wajenku?"

"E, Baba. Bari in..."

"Kada ka kashe."

Ya ɗan janye wayar daga kunne ya fuskantar da ita wajen masallacin. Ya tsaya a rana da jiƙaƙƙen wando. Ta cikin wayar yana jin tsohon yana amsa kiran ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ƙarshe.

"Yana da numfashi, mutumin nan," in ji Malam Abdulwahid. "Je ka, kada jam'i ya wuce ka."